Azurfar Algot a Jakar Baiko

Algot manomin dankali ne a tsibirin Gotland, kuma tun yana saurayi shi da tsoro suke kwana suke tashi. Duk shekara in ya yi huɗa aka samu ruwa, sai gonarsa ta tofo tsoffin kuɗin azurfa, sirara kamar ɓawon albasa, gefe ɗaya gicciye, gefe ɗaya kan wani sarkin da ya mutu tun ba a gina cocin garin ba. Doka ta ce irin wannan a sanar da hukuma. Amma ubansa ya ja masa kunne: "Ka kai ɗaya, su kafa wa gonar turaku, garmarka ta gama aiki."

Sai ya riƙa tarawa a gwangwanin kofi, yana cusawa a bangon garken tumaki. Bawan Allah bai taɓa kurɓar giya a biki ba, don kada baki ya yanka wuya. Baƙuwar mota ta tsaya a hanya, ya ruga garke ya duba gwangwani. Matarsa Gunborg takan ce, "Kai dai gwangwani ka aura, ni 'yar rakiya ce."

Da tsufa ya kama shi, mantuwa ta biyo baya. Ya koma saka azurfa ɗaya a aljihu yana shafawa, wai hankalinsa ya kwanta.

Wata Lahadi bayan sujada a coci, ana shan kofi, Elof mai zagayawa da jakar baiko, wato ta sadakar coci, ya ja shi gefe, ya buɗe tafin hannu, sai ga ɗaya daga cikin tsoffin kuɗin.

"Algot, Allah ba ya ƙin azurfa, amma banki sun ce ba su san wannan sarkin ba."

"Ba... ba nawa ba ne."

"Haba dattijo, a kan idona kake jefawa, tun bazara! Na ɗauka kyauta ce, na kai gidan tarihi. Murna suke yi, sun ce za su zo su auna gonarka."

Algot ya fice daga cocin. Bai san yadda ya isa garke ba. Ya zaro gwangwanin, ya ji shi sakayau, 'yan ƙwayoyi ne kawai ke ƙara a ƙasa. Duk rayuwarsa maƙwabta yake zargin za su tona masa asiri, ashe a banza. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, yana neman ya tuna ko da Lahadi ɗaya. Bai tuna ba.