Ƙwallon da Na Goyo Daga Dapaong

Damina ce, masara ta kai ƙugu. Shekarar kuwa ba ta da kwanciyar hankali: yau yajin aiki, gobe a ce an tare hanya da tayoyi, kowa rediyo a kunne. A cikinta ne hannun dama na Malam, maigidana, ya shanye, shi kuwa tela ne. Kine, wato mai koya wa majinyata motsa gaɓoɓi, a gida yake duba shi, don ɗakin aikinsu a kulle yake. Ya ce sai an samo wani ƙwallo mai nauyi, wai shi medisin-bal, in ba haka ba hannun zai sanƙare. Babu shi a garinmu Sokodé, Lomé kuwa ba ta shiguwa. Sai na tuna da Yaya Sule, wana, mai koyar da wasanni a Dapaong.

Na sa kine ya faɗa mini alamunsa, na rubuta a littafina na ajin manya: kilo biyu, ba mariƙi, a riƙe da hannu biyu, a jefa wa mutum ya cafe bai ji ciwo ba.

Sokodé zuwa Kara

Biyar da rabi na asuba motarmu ta tashi. Ban taɓa wuce Kara ba, don haka zuciyata sai tsalle take. A dutsen Aledjo, inda hanya ta ratsa ta tsakiyar dutse, na leƙa har ɗankwalina ya kusa tashi. Direba ya ce, "Mma, maido kanki ciki, ban da wani kan da zan ba ki!" Bakwai da kwata muka shiga Kara, na sha koko da ƙosai a tasha.

Kara zuwa Dapaong

Shinge huɗu na sojoji muka wuce. A kowanne sai mun sauka, mun nuna kartin shaida, mun taka da ƙafa mun tarar da mota a gaba. A Mango na sayi soyayyen kifi. Uku saura kwata muka isa.

Yaya Sule ya ji abin da ya kawo ni, ya yi wa Malam addu'a, ya kai ni ɗakin ajiyar kayan wasanni. Ya ce, "To Auta, tunda kin yi boko, zaɓi da kanki."

Ya miƙo mini wani na ƙarfe, ƙarami kamar gwanda. Na duba littafi, na girgiza kai.

"Kin tsira," in ji shi. "Na jifa ne. Ya faɗo wa Malam a ƙafa, sai ki koma jinyar ƙafa."

Na biyu yana da mariƙi kamar buta, na wuce shi. Na uku tsohon ƙwallon kwando ne da ɗalibai suka ɗura wa yashi. Na juya shi, yashin ya zube gefe guda, ya fizge mini hannu. Yaya ya ce ba kowane ƙwallo mai nauyi ne medisin-bal ba, na gaske nauyinsa daidai yake ta ko'ina. Sai ya jawo wasu uku na fata, ɗinkakku, masu ɗan taushi. Amma lambobin nauyinsu duk sun goge.

Na rungumi na farko. "Yaya, wannan ya kai Amina ranar da na haife ta, ita kuwa kilo uku ce da ɗoriya." Na biyu ya fi shi ma. Na uku bai kai ta ba. Yaya ya yi ta dariya, muka kai wa mahauci ya ɗora a sikeli. Kilo biyu cif! Ban san lokacin da na yi guɗa a gaban mutane ba. Yaya ya ba ni aronsa, matarsa ta yi mana tuwo da miyar zabo.

Dawowa

Shida na safe muka taso, ana yayyafi. Direba ya so ya ɗora ƙwallon a saman mota, na ce fata ce, ba ta son ruwa. Na riƙe shi a cinya, in za mu sauka a shinge sai in goya shi da zane in lulluɓe.

Kusa da Kandé wani soja matashi ya tsare ni. "Mma, yaron nan ba ya motsi?"

Na kwance. Ya ɗaga, ya ji nauyi, fuskarsa ta canja. "Me kika ɓoye a ciki? Harsashi?" Ya zaro wuƙa.

Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Ɗana, kafin ka yanka, kira mini babbanku. Hannun mijina ke jiran abin nan."

Sajansu ya fito daga rumfa, ya karɓa, ya juya shi, ya matsa. "Medisin-bal! Da irinsa aka wahalar da mu a horo." Ya wurga wa matashin a ƙirji, ya cafe yana tangaɗi, fasinjoji suka fashe da dariya. Sajan ya ce, "Goya ɗanki, Mma. Allah ya ba shi lafiya."

Gida

Biyar na yamma na shiga gida. Na gode wa Allah, na gode wa Yaya Sule da matarsa, da sajan ɗin da ban san sunansa ba.

Washegari ban jira kine ba. Bayan sallar asuba na shimfiɗa tabarma, na zaunar da Malam, na ɗora masa ƙwallon a cinya, na manna tafinsa na dama a jikin fatar. Na ce, "Malam, miƙo mini." Ya daɗe yana cije leɓe. Sau biyu ƙwallon yana suɓucewa ina maidowa. A na uku ya ɗago shi kamar taƙi ɗaya, da hannu biyu, na karɓa.