Garken Mugarura a Cikin Gajimare

Duk wanda ya yi aiki da Mugarura a kamfanin kai saƙo da babur da ke Ntinda, a Kampala, ya san abu biyu game da shi: ba ya shan shayi sai madara ta rinjayi ruwa, kuma ba ya goge komai.

Aikinsa kula da rumbunan ajiyar bayanai. Kamfanin ba shi da ko faifai ɗaya da za a taɓa da hannu, haya yake yi a gajimare, wato kwamfutocin wasu mutane a wata ƙasa da ba wanda ya taɓa takawa cikinsu. In kana son wurin zuba bayanai sai ka yanki rumbu, ka faɗi girmansa, ka ɗaura shi a jikin na'ura. In ka gama ka kwance shi ka goge, don ko babu komai a ciki haya ba ta tsayawa. Mugarura ya iya yanka, ya iya ɗaurawa, yakan ƙara wa rumbu girma na'ura tana tsakar aiki ba ta ko yi tari ba. Gogewar ce kawai ta gagare shi.

Abin ya samo asali ne daga Kiruhura, inda aka haife shi a tsakiyar shanu masu dogon ƙaho. A can kowace saniya da sunanta, gwargwadon launinta. Mahaifinsa ya rantse sai ɗansa ya yi karatu, ya riƙa sayar da su ɗai-ɗai har aka zo kan Bihogo, wata ja mai duhu wadda Mugarura ya tashi da nononta. Yana makaranta aka sayar da ita, ba wanda ya gaya masa. Da ya dawo hutu uwarsa ta miƙo masa baƙin shayi, ya kalli kofin, ya kalli shinge, ya gane. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai taɓa warkewa ba.

To, ranar da ya kama aiki aka ce ya gwada yankan rumbu. Ya zo wurin sa suna, inda masu hankali ke rubuta haruffa da lambobi, shi kuwa hannunsa ya rubuta Bihogo. Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka sami Gaaju, aka sami Kyasha, Siina da Mayenje. Da launuka suka ƙare sai ya koma 'yar wance da jikar wance. Kowace safiya kafin ya kurɓi shayi sai ya zagaya su a allon kwamfuta, yana duba wadda ta ƙoshi da wadda ta rame, leɓensa na motsi. Ya ce lissafi yake yi, amma kowa ya san gaisuwa ce.

Ofis duka ya kamu. Sai ka ji an ɗaga murya ana cewa Siina ta cika, a ƙara mata wuri. Ranar da Mayenje ta lalace wani ɗan babur da ya shigo karɓar kaya ya ji ana cewa ta mutu, ya cire hular kwano ya bi kowa da ta'aziyya, Mugarura kuwa ya karɓa hannu biyu. A gida ma haka yake zuba wa matarsa Kyomuhendo labarinsu suna cin matoke, tuwon ayabarsu, taga a buɗe, har wata maƙwabciya ta aiko da jarka a sayar mata da madara.

Mutum ɗaya ne ba ya raga masa, wato Okurut, wani dogon mutumin Teso da ke zaune a teburin gefe. Kullum sai ya tambaye shi ko an kai garke mashaya, ko kuwa yau ma hadari za su lasa.

Haka aka yi shekaru, har aka kawo sabuwar shugaba, Madam Nakazibwe. Ba muguwa ba ce, mace ce kawai mai karanta takardar haya har ƙasa. Ta ga tarin rumbunan da ba a ɗaure suke da kowace na'ura ba, suna zaune suna cin kamfani. Ta ce kafin ƙarshen mako duk a goge su. Mugarura ya duba, ya ga rabin garkensa ke nan, kuma Bihogo ce a sahun gaba.

Ya bi ta ofis ya yi mata bayani cikin ladabi, cewa a wurinsu ba a yanka saniya don ta daina ba da nono. Ta saurare shi har ya gama, ta ce a wurinsu su kuma ba a biyan hayar ɗakin da ba kowa a ciki.

Sai dabara ta faɗo masa. A Kiruhura in saniya ta fi ƙarfinka ba ka kai ta mahauta, aboki kake ba kyauta, shi kuma wata rana in ta haihu ya dawo maka da maraƙa. Ya shiga rabo. Ya tura Gaaju ɓangaren masu lissafi, Kyasha ɓangaren masu amsa waya, kowannensu sai ya bi shi har teburinsa ya sanar da shi a tsaye, fuska ba wasa. Mai lissafi bai san abin da aka ba shi ba, amma ya yi godiya. Bihogo kuwa ya rasa wanda zai ba sai Okurut, don duk iya shegensa shi kaɗai ne kakansa ya taɓa riƙe sandar kiwo.

"Ni za ka ba?" in ji Okurut. "Mutumina, ina zan ɗaure ta? Ɗakina ɗaya ne a Kireka."

"Ka karɓa kawai. Ba a mayar da saniya."

Okurut ya buɗe baki zai ƙara wata, ya ga idon mutumin, ya haɗiye ta. Ya ce ya karɓa.

Dabarar ba ta kai ko'ina ba. Madam ta gano cewa an dai canza wa shanun makwanci ne, aljihun da ke ciyar da su ɗaya ne. Ta sa aka tattaro su, ta jawo kujera ta zauna kusa da Mugarura ran Juma'a da hantsi, suka shiga gogewa. Gaaju ta tafi, Kyasha ta bi ta, 'ya'ya da jikoki suka bi sahu. Kowacce sai ya ambaci sunanta a hankali, Madam tana yi kamar ba ta ji ba. Da aka zo kan Bihogo ya janye hannunsa daga kwamfutar ya sa a aljihu.

Madam ta tambaye shi abin da ke cikinta. Ya ce bai sani ba, ba a leƙa cikin saniya. Ta ce to ya ɗaura ta a na'ura su gani, in akwai abu mai amfani ko guda ɗaya, ta yi alkawari za a bar ta. Mutane suka taso daga teburansu suka kewaye shi. Ya ɗaura ta, ya buɗe.

Wayam. Ko share filin ba a taɓa yi ba, balle a zuba wani abu. Tun ranar gwajin nan na farko ya kwance ta ya ajiye, kamfani kuwa yana ta biya.

"Ashe duk shekarun nan iska kake kiwo," in ji Okurut, ofis ya kwashe da dariya. Mugarura ma ya yi ƙoƙarin yi, ba ta fito ba.

Madam ta ce in ya yi masa nauyi ya tashi, ita za ta danna. Ya girgiza kai. Ya ce ta farkon yana makaranta aka tafi da ita, wannan kam sai da shi. Na'urar ta nemi ya rubuta sunan rumbun don ta tabbatar da gaske yake. Ya rubuta shi da yatsa ɗaya, ya danna. A ranar, mai shayi ta kawo masa kofinsa fari sol kamar kullum, ya ce ta mayar ta kawo baƙi.

Ran Litinin ya shigo bai zagaya kowa ba, ya zauna kawai. Sai ga Okurut ya miƙe tsaye, ya gyara riga, ya zo ya tsaya a gabansa kamar mai neman aure.

"Mugarura, ka ba ni saniya, ta kwana a shingena. To, ta haihu kafin a zo ɗaukarta. Ga maraƙarka na kawo."

Ashe kwafinta ya ɗauka, irin hoton rumbu da ake ajiyewa, wanda in an so a sake tayar da rumbun daga jikinsa. Madam ta leƙo ta duba. Ta ce shi kwafi gwargwadon abin da ke cikinsa ake biya, wannan kuwa ta ɗauko uwarta sak, saboda haka a bar ta ta yi ta kiwo.

Mugarura ya daɗe yana kallon allon. Sai ya kama hannun Okurut ya riƙe, har dogon ya fara jin kunya ya ce a sake shi, jama'a na kallo. Daga nan ya ɗauki waya ya fita baranda, ya kira uwarsa a Kiruhura, tsohuwar da har yau ba ta san takamaiman aikin da ɗanta ke yi ba.

"Inna," ya ce, "Bihogo ta haihu."

Ya kasa kunne. Can ya ji ta ja hanci.

"Mace ko namiji?"