Shampiyon da ke Cikin Inabina

Ku matso, ƴan uwa, ku ji abin da ya fitar da ni daga ɗaki, ni Hassu da nakan shekara ban taka ko kasuwar Tibiri ba.

Akwai itacen inabi a bakin rijiyarmu a Dumega. Wana marigayi ya zo da reshensa daga cin rani a Aljeriya, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, kuma shi kaɗai ya bar mini. Bana bayan kaka ganye ya ƙone, rassa suka fara bushewa. Da aka sari ɗaya sai ga cikinsa baƙi ƙirin. Maƙwabta suka ce doguwa ce. Maigidana Tanko, tsohon ɗan kokawa ne mai gajen haƙuri, ya ce ran Juma'a zai tumɓuke shi ya dasa lemu. Na ce ya jira in je Dogon Dutsi, an ce akwai wata malamar gona can.

Dumega zuwa Kore Mairuwa

Ana sallame asuba na hau kabu-kabu, guntun reshen ɗaure cikin zane. Rairayi ya kusa kada mu sau biyu. A Tibiri na samu motar haya hiyas, aka matse ni tsakanin buhun wake da wata mai kaji. A shingen jandarma ɗaya ya nuna ƙunshina.

"Inna, mi ne ne wanga?"

"Maras lahiya ne, ɗana, likita za ni kai shi."

Ya kwance, ya ga icce, ya yi dariya har da riƙe ciki. A Kore Mairuwa muka hau kwalta, na sayi ƙosai da bai kai nawa daɗi ba.

Dogon Dutsi

Da hantsi muka sauka. Na yi ta tambaya har aka kai ni wata garka bayan gari. Malamar, Madam Rahila, Kirista ce, ƴar gari, da hular kaba bisa kallabi. Ta tsaga reshen da wuƙa, ta duba, ta sansana.

"Ba doguwa ba ce, Inna. Shampinyo ne."

Ni kuwa kunnena ya sha rediyon kokawa, shampiyo na ji.

"Madam, wane shampiyo? Na wace jiha? Shi da ya ci takobin gasar kokawa mi ya kai shi cikin iccena?"

Sai da ta zauna bisa bokiti don dariya. Ta ce shampinyo da Faransanci shi ne hunhuna, dangin wadda ke kama tuwon da ya kwana biyu. Ta ce kowane inabi na da irinsu a cikin jikinsa, ido ba ya gani, wasu na tsaronsa, wasu na cinsa.

"Amma ba ki ɓata ba," in ji ta. "Kokawar suke yi. Hannun mai garka ke sa wani ya hi wani ƙarhi. Yaushe ake yi wa iccen aski?"

Na ce cikin damina, in ya tare wa Tanko hanyar rijiya, da addar da yake sarar komi. Kuma kowane maganin feshi ya rage daga gona sai ya juye masa, don ƙauna.

Ta ce sara cikin ruwa ƙofa ce ga miyagun, ƙazamar adda kuma ita ke kai su daga reshe zuwa reshe. Wani maganin feshin ba ya tantance aboki da maƙiyi. Ta ce a yanke yanzu da rani har a iske farin icce, a wanke wuƙa da ruwan zabel mai kashe ƙwayoyin cuta, a ƙone busassun nesa, a ba shi takin dabbobi da ya ruɓe.

"Zai tashi?"

"In akwai fari a gindi, akwai rabo. Alkawari kam ban yi miki ba."

Ta tsare ni sai da na ci dambun zogale, ta kuma ba ni ƴar kwalbar ruwan zabel. Na ƙi kwana, don gobe Juma'a.

Komawa

Na bi sawuna, na iso gida rana ta yi ja. Na tarar da Tanko yana wasa adda.

"To, likita, mi suka ce?"

"Sun ce shampiyo biyu ke kokawa cikinai, kai kuwa kana ta taya na baƙi kama ƙafar namu."

Ya dakata da wasawa. "Ni? Ni da ban taɓa shiga tsakanin mutum biyu cikin fili ba?"

Ya amshi ruwan zabel ya wanke addar da kansa. Sara na fari, baƙi. Na biyu, baƙi. Ya ƙara sauka ƙasa, ni kuwa na kau da kai. Sai na ji ya ce, "Hassu, dibi." Taƙi ɗaya bisa gindi, icce fari, da danshinsa.

"Namu bai kai ƙasa ba," in ji shi. "Lemu ya jira."

Na gode Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode Madam Rahila. Ban san ko zai toho ba, amma kullum da safe ina leƙa shi. Ke da kike karanta wannan, in naki ne ke cikin fili, ya durƙusa amma bai faɗi ba, za ki naɗe tabarma ki tafi gida?