Vagn Brodersen da Gawawwakinsa

Kowa a Thyborøn, garin masunta da ke bakin teku, ya san Vagn Brodersen, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba, don Vagn ba mai amsa gaisuwa ba ne. Ƙarfinsa duk a jirgin fito ya ƙare, yana ɗaure igiya yana kwancewa, yana daka wa direbobi tsawa su matsa gaba. Bai taɓa aure ba. Da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a gaban tagar da ke kallon teku, ya shiga rubuta labaran kisan kai.

Tun yana saurayi irinsu kaɗai yake karantawa. Littafin da ba a tsinci gawa a farkonsa ba, takardar hura wuta yake ce masa. Nasa guda biyar ya rubuta, shi ya buga abinsa. Mutanen gari suna saye, ba don daɗin labarin ba, sai don su ga wa aka kashe wannan karon, domin gawawwakin Vagn duk maƙwabtansa ne da ya sauya wa suna. Ejnar mai gidan burodi an tsince shi a cikin injin kwaɓa fulawa, kuma har yau yana alfahari da hakan.

Wadda ba ta ga abin dariya ba ita ce Birthe Hald, tsohuwar ungozoma da suke katanga ɗaya da shi. Sau biyu ya kashe ta, sau ɗaya da guba, sau ɗaya ya tura ta daga saman matakala. Wata rana suka haɗu a layin kanti, ta juyo ta ƙare masa kallo.

"Sarkin gawawwaki, na ga ka sake binne ni."

"Wa ya ambaci sunanki? In kin ga kama, ke kika sani."

"Ba kisan ne ya dame ni ba," in ji ta. "Rabin garin nan ni na karɓi haihuwarsu, na kuma raka da yawa makabarta. Ban taɓa ganin mamacin da ba shi da kowa ba sai a littafinka. Mutum ya faɗi kamar buhun dankali, ba mai kuka, ba mai neman takalminsa, sai ɗan sanda ya zo yana shan kofi. Kai ko uwa ba ka taɓa yi ba ne?"

Vagn ya ajiye kwandonsa a nan ya fita bai sayi komai ba.

A daminar da ta biyo baya yanar ido ta rufe masa gani, aka yi masa aiki, likita ya hana shi karatu na wani lokaci. Ɗakin karatu na gari yana aika wa marasa lafiya littattafan da aka naɗa a faifai, kuma mai raba su a unguwarsu, don rashin sa'arsa, Birthe ce. Ya aika a kawo masa na kisa. Ta zo ta dire jaka a bakin ƙofa: labarin wata bazawara da 'ya'yanta mata a gona, da wani na soyayya, da littafin kiwon tumaki.

"Ba su na ce ba, uwar gulma."

"Su suka rage. In ba ka so, zauna ka saurari agogo."

Ƙarya take yi, shi ma ya sani. Kwana biyu ya bar jakar inda take. A na uku, zaman shiru ya ishe shi, ya kunna na bazawarar, da niyyar ya tara abin da zai gasa wa Birthe magana da shi. Da farko ya samu. Ana ta tatsar shanu, ana ta dafa miya, ba wanda ya ko zare wuƙa. Yana sauraro yana tsaki.

Sai aka zo inda matar ta buɗe akwatin burodi bayan rasuwar mijinta ta tarar ya yi fumfuna. A da su biyu suke cinye shi kafin ya bushe. Ta tsaya riƙe da burodin, ta kasa jefarwa ta kasa ci. Vagn ya kashe faifan. Ya tashi ya zagaya ɗakin yana lalube, ransa a ɓace, kamar wanda aka zaga. Abin da ya faɗo masa shi ne uwarsa. Tun da teku ta cinye ubansa yana ɗan shekara tara, duk lokacin da rediyo ya fara bayanin yanayin teku sai ta miƙe ta kashe, ta ci gaba da feraye dankali kamar ba komai. Bai taɓa tunanin wannan abin rubutawa ba ne.

Ya saurari faifan har ƙarshe. Ya saurari na soyayyar yana zagi. Har na tumakin bai bari ba. Da Birthe ta zo karɓa ta tambaye shi yaya ya gani, ya ce, "Maganin barci ne mai kyau," ya rufe ƙofa.

Littafinsa na shida ya ɗauke shi lokaci fiye da sauran. An kashe wani masunci a shafin farko kamar kullum, amma ɗan sanda bai bayyana ba sai can tsakiya. Kafin nan matar mamacin ake bi, da rediyonta, da ɗanta da ya daina cin kifi. Ranar da ya karanta wani yanki a ɗakin taron gari, mutane suka rabu biyu. Ejnar ya ce an cuce shi, ya zo jin jini an ba shi zaman makoki. Wata mata da mijinta ya nutse tun da daɗewa ta tashi ta fita tana share ido, washegari ta ajiye masa gasasshen kifi a ƙofa ba tare da ta ƙwanƙwasa ba.

Birthe ta tare shi wajen rataye riguna.

"To, ashe ka gano mutane suna da dangi. Wa ya koya maka?"

"Ba ke ba."

"Farkon ya yi. Ƙarshen shara ne. Da ɗan sandan nan ya shigo sai ka koma halinka, matar ta fara magana kamar mai ɗaure jirgi."

"Ki rubuta naki mana, tunda baki gare ki."

Bai gode mata ba, ba ta kuma jira godiya ba. Sai dai daga lokacin ya riƙa shiga jirgin ƙasa zuwa garin Lemvig da ke kusa da su yana aron littattafai a can, don kada ta ga abin da yake ɗauka: tarihin mutane, labaran yara, waƙoƙi, har da na girki.

Bara Birthe ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Vagn yana zuwa duk Laraba da sabon babi a aljihu. Ya gaya wa ma'aikatan ba dubiya yake zuwa ba, ita kaɗai ce a garin ba ta iya yi masa ƙarya don ladabi. Yana karantawa, tana katse shi da bakin da ya karkace tana cewa ba haka mutum ke magana ba, shi kuma yana ce mata tsufa ya taɓa mata kunne. Ma'aikatan sun saba. Da sun hango shi da hularsa a tsakar gida sai su je su rufe ƙofofin sauran ɗakunan.