Hannuna ne ya kwance buhun waken Inna

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da zan ba da labari ni matar ma'aikacin gwamnati ce a unguwar Shamaki, mai ji da kanta, mai gidan siminti da ɗakin ajiya wanda babu komai a ciki sai tsofaffin kujeru da barguna. Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni ce babba. Ƙanwata ta auri manomi a Kagarawal, kuma ba zan ɓoye ba, ranar bikinta har tausayinta na ji, ina ganin ta tafi shan wahala. Ashe ni ce zan riƙa auno hatsi mudu-mudu a kasuwa, ita kuwa tana ɗiba daga buhu.

Kaka ita ce lokacin da na fi shan azaba. Da na shiga gidanta sai in tarar da tsakar gida babu wurin sa ƙafa: masara a shanye, kuɓewa da yakuwa a kan tabarmi, harawa a kan rumfa, itace a jibge saboda sanyin da ke tafe. Ita kuma bakinta ba ya gajiya da alhamdulillahi. Takan cika mini jaka da sabon hatsi, ta ce in kai wa yara. Ina karɓa ina murmushin yaƙe. Ko godiyar da take yi wa Allah sai in ji kamar da ni take.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waken Inna. Mahaifiyarmu tana da wani irin jan wake da ta taso da shi daga ƙauyensu, mai saurin dahuwa, mai zaƙi ko ba a sa masa komai ba. Shekara da shekaru tana ware irinsa da hannunta. Da ciwon ajali ya kama ta, sai ta damƙa ƙullin irin a hannun ƙanwata, a gabana. Na san dalili, ni ko tukunyar fure ban taɓa shukawa ba. Amma zuciya ba ta jin dalili. Abin da na gani kawai shi ne an tsallake babba an ba ƙarama.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, waken Inna bai ba da ko rabin buhu ba, katangar ɗakin ajiyarsu kuma ta zube tun da damina. Sai ga ƙanwata da yamma a keke-napep da ɗan abin da aka samu, a cikin buhun nan mai leda biyu da ke hana iska shiga. Ta ce mini ko ƙwaya ɗaya ba za su ci ba, duka iri ne, kuma babu wanda ta yarda ta bar wa sai ni Addarta. Ta roƙe ni kada a buɗe, domin da iska ta shiga ƙwari za su farfaɗo. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na sa shi a ɗakin ajiyata.

Kwana uku na yi ina wuce buhun. A na huɗu na kwance shi. Wallahi ba sata na je yi ba. So nake in ga waken ya ƙanƙance, in samu abin da zan ce a raina ai ga shi ta lalata amanar Inna. Na zura hannu, na tarar da shi jawur, tsaf, kamar Inna ce ta tsince shi. Haushi ya kama ni, na ɗaure bakin sama-sama na fita. Bayan wasu makonni, sanyi ya fara shiga, na je ɗauko barguna sai na ga ƙananan ƙwari suna yawo a bakin buhun. Da a ranar na kira ta, da an shanya shi a rana an ceci mafi yawansa. Na tsaya da waya a hannu, na tuna yadda za ta gane na buɗe, na kuma ji wani mugun daɗi can ƙasan zuciyata cewa ita ma yau za ta rasa wani abu. Na mayar da wayar, na ja ƙofa. Duk lokacin da ta tambaya, sai in ce buhu yana nan lafiya.

Da damina ta matso ta zo ɗauka. Ta buɗe a tsakar gidana, gari ya bi iska, kowace ƙwaya huda uku huɗu. Ta durƙusa tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ta samu abin da bai cika tafin hannu ba. Ta shuka, ko ɗaya bai fito ba. Mijinta ya je har ƙauyen su Inna neman irin, aka ce masa kowa ya koma na zamani tuntuni.

Shekara biyu ina ɗauke da abin kafin na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun ranar ta sani, domin ɗaurin da ta gani ba nata ba ne. Ta yi shiru ne saboda ta riga ta rasa waken Inna, ba ta so ta haɗa da 'yar Inna. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Ta yafe mini, amma yafiya ba ta tsiro a gona. Na gane cewa duk shekarun nan Allah yana ciyar da ni ta hannun ƙanwata, ni kuma ina ƙirga abin da ya ba ta maimakon in gode da abin da ya iso gidana. 'Yan uwa, idan kaka ta yi kuka ga rumbun wani ya cika, ku yi masa addu'ar albarka da baki, a fili, tun kafin zuciya ta faɗa muku wani abu daban. Idan kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun ana iya gyarawa. Ni na yi shiru na wata biyar ƙwari suna ci, kuma jikokin Inna ba za su taɓa sanin ɗanɗanon wakenta ba.