Kifin da Baba Gajere Ya Ƙi Fitarwa

Ni Ɗanlami, shekara shida na yi ina riƙe da gidan gem, inda samari ke wasan bidiyo, a bayan tashar Talata Mafara, kuma duk cikin masu zuwa babu wanda ya ƙona mini rai kamar Baba Gajere. Babu kuma wanda nake kewa kamarsa.

Goro yake sayarwa a faranti, a bakin ƙofata. Asalinsa masunci ne daga wani ƙauye na ƙasar Maradun, cikin waɗanda ruwa ya cinye da aka datse gulbi a Bakolori. Aka kwashe su zuwa wani tudu mai tsakuwa, aka ce ga sabon gari. Ya yi ƙwadago a gonakin shinkafa na Bakura har bayansa ya ƙi, sannan ya koma goro. Na taɓa tambayarsa abin da ya hana shi su a dam, ga ruwa har ido ya gaji. Ya ce, "Ɗana, ubana yana kwance ƙarƙashin ruwan nan. In jefa ƙugiya bisa kabarinsa?" Ban sake tambaya ba.

Yawancin masu zuwa ƙwallo suke bugawa. Amma akwai wani faifai na wani jarumi mai takobi da ke yawo gari gari yana yaƙar dodanni, ni da Barau mai kabu-kabu muka ɗora wa kanmu sai mun ga ƙarshensa. Wata biyu muna fama har jarumin ya isa wani ƙauye a bakin gulbi. A nan labarin ya cije. Wai sai an ajiye takobi an ɗauki fatsa, an kamo wani ƙaton kifi da ke cikin gurbi, can inda ruwan ya fi zurfi, kafin hanya ta buɗe. Abin riƙewar, da muke kira hannu, yakan yi rawa in kifi ya taɓa ƙugiya. Ka ja da wuri ya kuɓuce, ka ja da ƙarfi igiya ta tsinke. Barau ya tsinke igiya ta fi hamsin, ni kuwa har jifa na yi da hannun.

Ran nan muka ji tsakin Baba Gajere daga ƙofa. "Kai, wanga ja kamar mai jan guga! Bari ya ci tukuna mana."

Barau ya miƙa masa hannun don ba'a. Tsohon da bai taɓa kunna talabijin ba ya riƙe abin, aka nuna masa maɓalli biyu, ya lumshe ido yana sauraren tafin hannunsa. Wallahi kafin la'asar ya cika kwandon jarumin. Har suna yake ba su: wannan tarwaɗa, wancan karfasa, wancan mai ƙaya kurungu ne. Daga ranar, in an tada janareto bayan azahar, rabin awar farko tasa ce. Ya tuɓe takalmi ya zauna, ya ce wa akwatin, "Sannu da ruwa." Ya ce gaɓar ta yi kama da tasu, har da itacen da suke ɗaure jirgi. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ga shi yana dariya.

Sai dai ƙaton kifin. Sau bakwai yana kawo shi har gaɓa, sai igiya ta saki. Na takwas na zuba wa yatsansa ido, na ga da gangan yake ɗagawa. Raina ya ɓaci.

"Haba Baba! Mako uku kana wasa da hankalinmu?"

Ya ce, "Wannan uwar gurbi ce. A gidanmu ba a fitar da ita. A kama, a gaishe ta, a sake ta. In ta bar ruwa, wurin ya tashi."

Na ce camfi ne, kuma ko ba camfi ba, wannan zane ne cikin akwati. Ni kuwa da baƙar zuciya na ce to, ko ya fitar da ita yau, ko kada ya ƙara taɓa mini kaya. Gaban Barau na faɗa, ga mutumin da ya girmi ubana.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya jefa fatsar. Bai kai minti uku ba ta kwanta a gaɓa tana numfashi. Ni da Barau muka yi ihu, na yi maza na adana wasan a kan na da, don memorin, katin da ake adana wasa a ciki, wuri ɗaya gare shi.

Sai labarin ya ci gaba da kansa. Ashe kifin ne ke tsare da wani dodo a ƙarƙashin ruwa. Dodon ya taso ya fasa dutse, ruwa ya gangaro. Muna kallo ya haye gaɓar, ya haye itacen, ya shanye rufin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, mutane na gudu da kaya a ka. Hanya ta buɗe, jarumin ya ɗauki takobinsa ya wuce. Na juya da shi baya, babu ƙauye, ruwa ne kawai shimfiɗe.

Baba Gajere ya ajiye hannun a hankali bisa benci. Ya ce, "Sau biyu ke nan."

Na ce ya yi haƙuri, zan faro wasan daga farko, in kai shi wani sabo, iri ɗaya sak, ba abin da zai bambanta.

Yana sa takalmi ya ce, "Haka suka ce muna wancan karo."

Na faro ɗin. Kwana arba'in na yi ina sara dodanni ni kaɗai, Barau ya ce na haukace. Shi kuwa Baba ya mai da farantinsa can bakin tasha, in na gaishe shi ya amsa da kyau, har ya tambayi iyali, amma bai ƙara tako ƙofata ba. Ranar da na isa ƙauyen na rufe shago na tafi da gudu in gaya masa. Na tarar da wani mai rake a wurinsa. Ya ce ai tun shekaranjiya 'yarsa Taiba ta zo ta tafi da shi Maradun ba lafiya, jiya da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Memorin yana nan cikin aljihun tebur. Jarumin na tsaye a gaɓa da fatsa a hannu, ban bari kowa ya jefa ba.