Jan Tsumman Bindigar Kawu

Shekarun baya kaɗan, biyar ko shida, lokacin ko baƙin boko ɗaya ban sani ba, aka yi sunan ɗan yayana a gidanmu na Fagge. Na daɗe ina son in ba ku labarin nan, jama'a, sai in ɗauki alƙalami in ajiye. Yau dai na ce duk abin da za a faɗa a faɗa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gadi yake yi a wani siton gyaɗa kusa da tashar jirgin ƙasa. Yana da bindiga irin ta ɗure, wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da sanda. Wani maƙeri ne ya ƙera masa ita da bututun ƙarfe da aka tsinto a bayan gareji a Sabon Gari. Lasin kam yana da shi, a ninke cikin gwangwani. Amma wanda ya ba shi takardar bai taɓa ganin bindigar da idonsa ba.

To ga yadda muke yi a gida. In kawu zai tafi aiki, sai ya ɗura mata albarushi da boris ɗin keke. In ya dawo bai harba ba, sai ya ɗaura mata jan tsumma a wuya ya rataye ta a ɗakinsa. Akwai tsumma, a cike take, kada a taɓa. Babu tsumma, babu komai a ciki. Iyakar dokar da ke tsakaninmu da lahira ke nan.

Mu kuma gidanmu, tun kakanninmu da suka zo daga Barno, in an haifi ɗan fari namiji, da an raɗa suna sai a harba ɗaya sama, albarushi zalla, don unguwa ta ji. Mako guda ina bin kawu ina roƙo ya bar ni ni in harba. Ya gaji da ni, ya ce, "To na ji. Amma sai ina tsaye a kanka."

Ranar suna da safe ya dawo daga aiki, ya rataye bindiga da tsummanta, ya fita kiran mahauci. Yayar mahaifiyata, wadda ta zo daga Nguru a jirgi saboda sunan, ta shiga share masa ɗaki don baƙi. Ta ga tsumma duk maiƙo, ta kwance shi, ta tafi da shi madafi tana sauke tukunya. Ba ta san komai ba, Allah shi ne shaida. Babu wanda ya gaya mata.

Liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, kawu shiru. Mutane suka fara watsewa. Ni ko ba na son a tafi ba a ga bajintata ba. Na shiga ɗaki, na duba wuyan bindiga, babu tsumma. Shi kawu a al'adarsa, ko ya ga babu tsumma, sai ya zura sanda ya auna zurfin cikin. Na sha ganinsa yana yi. Ni ina na tsaya? Na zuba albarushi a kan wanda ke ciki, na danna, na fito ƙofar gida ina taku kamar sojan da ya dawo daga yaƙin Bama.

Abokina yana tsaye a bakin zaure. Tela ne, Bafulatani, tare muka tashi, ranar ma rigar da ke jikina ɗinkinsa ce. Bai daɗe da buɗe shagonsa ba, amma har daga cikin birni ake kawo masa aikin wuya. Ya gan ni riƙe da bindiga, ya kwashe da dariya.

"Kai bawana, Babarbare da bindiga? Za ka harbi liman!"

Na ce, "Matsa can, ɗan Fulani, sanda kuka sani."

Ya ce, "Kawo in tallafe maka, matsoraci."

Ya sa hannun dama ya riƙe bututun ya ɗaga sama. Na ja kunama.

Ban ji ƙara ba, wallahi. Hayaƙi na gani, sai na gan ni zaune a ƙasa, girata ta ƙone, kunnena yana ƙugi. Bututun ya tsage kamar kara. Abokina yana durƙushe ya cusa hannu cikin hammata, rigarsa tana jiƙewa, bai yi kuka ba, sai kallona yake yi. A amalanke muka tura shi asibiti. Babban yatsa da biyu na kusa da shi, a nan ƙofar gidanmu suka tsaya.

Kawu da ya dawo bai dake ni ba. Da ya dake ni da na fi jin daɗi. Yayar mahaifiyata kuwa, da aka gaya mata ma'anar tsumman, washegari ta hau jirgi, har yau ba ta sake zuwa Kano ba. Magana ta je gaban mai unguwa, aka ce tsautsayi ne, aka yi addu'a. Kafin damina ta faɗi maƙerin nan ya ƙera wa kawu wata.

Abin da ya sa ni koyon boko ke nan. Baƙaƙen allunan tasha na fara haɗawa, da rubutun jikin buhuna, ina tare duk wanda na gani da jarida ina tambaya har a kore ni. Da hannuna ya ɗan faɗa, sai na rubuta takardar koke zuwa ga hukuma. Na ce a hana harbi a wurin suna da biki cikin gari. Na ce kada a ba kowa lasin sai an duba bindigar, an kuma ga mai ita ya san abin da yake riƙe. Na ce bindigar gadi ta kwana a wurin gadi, kada ta shigo gidan da ke da mata da yara. Na bi Fagge gida gida, na tsallaka kasuwar Sabon Gari rumfa rumfa, ina neman masu dangwala hannu.

Kai, na sha magana! Wani dattijo ya ce, "Yaro, kai ka harba, mu za a hana?" Wani mai sayar da yadi ya ce, "In ɓarawo ya shigo, takardarka zan nuna masa?" 'Yan unguwa suka sa mini suna Akawun Bindiga. Kawu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata, ya ce abincinsa nake son zubarwa. Mai unguwa ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce, "Madalla, Malam, za mu duba," ya sa ta ƙarƙashin buzu. Na koma sau huɗu. Na ƙarshe na hango gefenta a inda take, ta yi ja.

Na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Laifina ne, na sani, babu ranar da ba na faɗa wa kaina. Amma ni yaro ne mai rawar kai, kuma irina sun cika garin nan. Abin da zai raba yaro irina da hannun abokinsa bai kamata ya zama tsumma ba. Satin da ya wuce aka yi biki a bayan layinmu, na ji harbi uku, na zauna ina jiran in ji ihu.

Abokina ya sayar da keken ɗinkin. Yanzu zare da maɓallai yake sayarwa a kan tire a Sabon Gari, teloli da a dā suke leƙen aikinsa su ne masu saye. Jiya na je na same shi, na ce masa na haƙura da rubuce-rubucen nan, babu mai ji. Yana ƙoƙarin tsince maɓalli ɗaya da ya faɗi ƙasa da yatsu biyun da suka rage, yana kuɓuce masa. Na sunkuya zan ɗauka, ya ture ni da gwiwar hannu.

Ya ce, "Bar shi, zan ɗauka. Kai dai je ka rubuta, bawana, tunda kai naka yatsun suna nan."